Tsiron da ke auren kansa: ina arzikin waken daji yake ɓoye?

Bara da kaka na bar Tawa na je ƙauyenmu cikin kwarin Majiya, na tarar da kawuna zaune gindin rumbu yana zaɓen iri. Zangarniyar hatsi yake ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ya juya ta, ya murza da yatsa, ya aje wannan dama, ya jefa waccan hagu. Wake kuwa ko kallonsa bai yi ba. An ɗebi tiya biyu cikin wanda aka sussuke, an cuɗa da toka, an zuba a tulu an liƙe baki. Na ce, "Kawu, yaya kuke shan wahala da hatsi haka, wake kuma kun bar shi ga Allah?" Ya yi dariya ya ce, "Kai da ka yi lakkwal ba ka san wanga ba? Wake ba shi ƙarya, abin da ka shibka shi za ka tsinka. Hatsi kau, in ba ka sa mai ido ba, shekara ukku shibra ta cinye maka gona."

Abin da tsohon ya faɗa cikin numfashi ɗaya, shi ne bambancin barbara. A zangarniyar hatsi, sashen mace na fure shi ke fara fitowa, kwanaki kaɗan kafin bununin wannan zangarniyar ya zubo. Kafin nata ya nuna, iska ta riga ta kawo mata na maƙwabta, har da na shibra da ke laɓe cikin gona. Kowace ƙwayar hatsi ke nan uwarta sananniya ce, ubanta kuwa sai wanda iska ta kawo. Furen wake akasin haka yake. Sashen namiji da na mace suna dunƙule cikin kube guda, garin furen yakan zube a kan macen tun kafin furen ya buɗe da sassafe, kuma kafin azahar ya rufe. In ƙwaro ya iso, galibi ya tarar an riga an ɗaura aure. Haka shinkafa take, da alkama, da sha'ir, da gyaɗa. Dawa ma ta fi karkata nan, ko da yake ta fi wake sakin jiki da bununin waje. Masana suna ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na tsirrai masu iri sun dogara ne kusan kacokan a kan barbarar kai.

Waken gona yana da mai kula da shi. Ana sayo masa sabon iri daga kasuwa, ƴan ci-rani suna dawowa da wani daga Kurmi, malaman gona suna rarraba irin su TN5-78 na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar. Wanda ya ja hankalina shi ne ɗan'uwansa na daji, wanda wasu ke ce wa waken gizo, da na gani yana yaɗo jikin shingen ƙaya a bakin gonar kawun nawa: ganye ƙanana, kwanso siriri mai baƙi-baƙi, ƙwaya ƴar mitsitsiya. Daga jikin irinsa aka fitar da waken da muke ci, kuma tsohon waken gona da aka tono a Kintampo ta ƙasar Gana ya haura shekara 3,500. Tun kafin nan har yau na daji yana nan, ba mai shuka shi, ba mai sauya masa iri, yana auren kansa damana bayan damana. To me ya rage masa na bambancin gado? Kuma in akwai, a ina yake?

Sai mun ɗan yi lissafi, amma ba mai wuya ba ne. Kowace ƙwayar gado a jikin tsiro kwafi biyu take zuwa, ɗaya ta wajen uwa, ɗaya ta wajen uba. Mu nan mun san wannan ta hanyar sikila: mai AS lafiyarsa ƙalau, domin kwafin A ya rufe wa S asiri, sai in S ya gamu da S ne ciwo ke bayyana. A ɗauki tsiron da kwafinsa biyu suka bambanta a wani gurbi, a ce A da S ɗin. In ya barbari kansa, rubu'in ƴaƴansa za su fito AA, rubu'i SS, rabi kuma su zauna AS kamar uwarsu. Waɗanda suka zama AA ko SS sun kulle ke nan, duk jikokinsu haka za su fito. Rabin da ya rage shi ma baɗi ya sake rabewa biyu. Daga kashi 100 a koma 50, sai 25, sai 12 da rabi. A damana ta bakwai abin da ya saura bai kai kashi 1 ba. Wannan shi ne sirrin "wake ba shi ƙarya". Wani masani ɗan Denmak, Wilhelm Johannsen, ya nuna haka a 1903 da wani waken Turawa: ya ware zuri'o'i tsantsa, ya ga cewa cikin zuri'a guda ko ka zaɓi manyan ƙwayoyi ko ƙanana ka shuka, matsakaicin girman ƴaƴan ba ya gusawa. Shi ne kuma ya raɗa wa ƙwayar gado sunan da duniya ke kiranta da shi, wato "gene", a 1909.

A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe, har da ɗalibai masu ƙoƙari. Suna ɗauka barbarar kai tana share bambanci. Ku sake duba lissafin: A bai ɓace ba, S bai ɓace ba. Raba musu ɗaki kawai aka yi. Da suna zaune tare cikin tsiro ɗaya, yanzu wannan tsiro A zalla ne, wancan S zalla. Gungun waken daji da ke bakin fadama tarin zuri'o'i ne, kowace tana haifar kwafin kanta, suna zaune kafaɗa da kafaɗa ba sa auratayya. Bambancin ya fita daga cikin tsiro ya koma tsakanin tsirrai.

Abin da ke share bambanci shi ne sa'a da tsautsayi, kuma barbarar kai tana ƙara musu ƙarfi. A ce tsiro 20 ne a gungun. In hatsin daji ne, kwafi 40 ke nan masu zaman kansu, domin kowane tsiro yana riƙe da biyu daban. In wake ne, kwafin kowane tsiro biyu ɗin abu ɗaya ne, don haka tsiro 20 tamkar kwafi 20 ne. A idon gado, gungun mai auren kansa rabin abin da ido ke gani ne. Yanzu akuya ta bi ta wurin kafin kwanso ya nuna ta cinye biyar. Ba ta zaɓi marasa ƙarfi ba, waɗanda ke bakin hanya ta samu. In zuri'ar da ke da wani hali na musamman tana cikin biyar ɗin, ta tafi, kuma ba wani tsiro da ya ɓoye kwafinta a ƙarƙashin wani kwafi. A maimaita wannan shekara ɗari, da fari irin na 1973 da na 1984 a tsakani, za a ga yadda zuri'a goma ke komawa biyu.

Akwai kuma batun kafa gari. Ƙwayar hatsin daji ɗaya tilo in ta faɗa wani wuri mai nisa, samun abokin barbara zai yi mata wuya. Ƙwayar wake ɗaya kuwa, in ruwan kwari ya tafi da ita ko ta fita cikin kashin dabba, ita kaɗai ta isa ta kafa gungu. Herbert Baker ya lura da wannan tun 1955, cewa tsirrai masu iya barbarar kai su ne suka fi cin sababbin wurare masu nisa. Riba ce babba, amma da kuɗinta: gungun da ke da tsiro 300 yana iya zama jikokin ƙwaya guda, duk fuskarsu ɗaya.

Abu na gaba shi ya fi ba ni sha'awa, kuma shi ne ya fi wuyar bayani, don haka bari in ɗauko dami. Ƙwayoyin gado dubbai ne, a jere suke a kan zaruruwa, wake yana da zare 11 kowane bibbiyu. Duk lokacin da tsiro zai yi iri, zaren uwa da na uba sukan yi musayar gutsattsari. A hatsi wannan musaya tamkar kwance dami biyu ne a cakuɗa zangarniyoyi a sake ɗaurewa, kowace shekara sabon haɗi. A waken daji ma ana kwancewa ana ɗaurewa, sai dai damunan biyu iri ɗaya ne sak, don haka abin da aka ɗaure shi ne abin da aka kwance. Dami yana wucewa daga kaka zuwa jika yadda yake. Sakamakon haka, in wata ƙwayar gado guda ta ba wata zuri'a fifiko, a ce saurin fure a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ba ita kaɗai ke cin nasara ba. Damin gaba ɗaya ne ke mamaye wurin, da nagari da mugu da ɗan ba-ruwana da ke cikinsa, sauran damuna kuma su fita. In kuma wata mummunar ƙwaya ta ɓullo cikin wani dami, ta ja duk abokan tafiyarta zuwa kabari, ko da akwai zinariya a cikinsu. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, amma nan har dukan da aka yi wa kaza yana samunsa.

In aka haɗa waɗannan, hoton da ke fitowa shi ne: cikin gungu talauci, tsakanin gungu da gungu bambanci mai yawa. James Hamrick da Mary Jo Godt sun tattara sakamakon bincike a kan ɗaruruwan jinsunan tsirrai wajen 1990, suka ga cewa a masu barbarar kai, kusan rabin dukan bambancin gadon jinsi yana tsakanin gungu da gungu ne. A waɗanda ƙwari ke yi wa barbara kusan kashi 20 ne, a na iska kuma kusan kashi 10. A waken daji na Afirka ta Yamma ma an duba. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda Eric Kouam da Rémy Pasquet da abokan aikinsu suka yi, ya samu cewa barbarar waje a gungunan da suka auna ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, matsakaicinta ya ɗan haura kashi 3, kuma gungunan matalauta ne a cikinsu, mabambanta a tsakaninsu.

Ni yadda nake kwatanta wa ɗalibai: hatsi kamar babbar kasuwar Tawa ne, in ka zaga ta wuni ɗaya ka ga mafi yawan abin da Adar ke da shi. Waken daji kuwa kamar ƙauyukan da kowane ke da sana'arsa ne, nan tukwane, can tabarmi, can ƙira. Wanda ya shiga ƙauyen maƙera kaɗai zai koma ya ce mutanen yankin nan ba su iya komai ba sai ƙira. Sannan ƙauyukan ba girmansu ɗaya ba. Daniel Schoen da Anthony Brown sun nuna a 1991 cewa gungunan masu barbarar kai sun fi na sauran tsirrai bambanta da juna ta wajen yawan arzikinsu: wani zuri'a ɗaya ce tal, wani kuma yana maƙare da zuri'o'i. Da ido ba ka iya gane wane ne wane, ganyen duka kore ne.

Ba duk bambancin da ke tsakanin gungu ne aikin sa'a ba. Damin da ba ya kwancewa yana da wata fa'ida: in haɗin da ya dace da wani wuri ya samu, ba bununin waje da zai zo ya wargaza shi. Robert Allard da ɗalibansa a Kalifoniya sun bi diddigin wata ciyawa dangin alkama da ta shiga ƙasar tare da Sifaniyawa, suka tarar a farkon shekarun 1970 cewa haɗin gado iri biyu ne suka fi rinjaye, ɗaya ya kama busassun wurare, ɗaya masu laima, wani lokaci a jikin tudu guda. A Dutsen Karmel na ƙasar Isra'ila kuma, Eviatar Nevo ya shafe shekaru yana nazarin wani kwari mai gangare biyu suna kallon juna, ɗaya rana na dukansa, ɗaya cikin inuwa, tazararsu ƴan ɗaruruwan mitoci. Sha'ir ɗin daji na gangaren biyu ya bambanta a gado. Duk wanda ya san Adar zai ga abin da nake hange. Daga fako mai tsakuwa a kan dutse, zuwa jigawa, zuwa laka a gindin kwari, tafiyar rabin awa ce a ƙasa. Ƙasar da aka yanyanka haka, ita ce irin wadda tsiro mai auren kansa ke rarrabuwa a cikinta gida-gida.

Tambayar da kowa ke yi a nan ita ce: auren gida na shekara dubbai bai kashe su ba? Darwin ya yi wannan tambayar da tukwanen shuka. A sakamakon da ya fitar a 1876, ya bi wani tsiro mai yaɗo dangin dankali har zuri'a goma, ya ga waɗanda aka yi wa barbarar kai sun fi gajarta, in na barbarar waje sun kai 100 su suna wajen 77. Dalili shi ne irin na sikila: munanan kwafi da ke ɓoye suna gamuwa da ƴan'uwansu su bayyana. Amma a zuri'a ta shida wani tsiro ya fito cikin masu auren kai wanda ya zarce abokan gasarsa tsawo, har Darwin ya sa masa suna Gwarzo da harshensu, kuma ƴaƴansa suka gaje shi. Abin da ya bayyana, zaɓin yanayi yana iya ganinsa ya cire shi. Tsiron da ya daɗe yana barbarar kai ya riga ya biya mafi yawan wannan bashin tun zamanin kakanni, masu mugun kwafi sun mutu sun bar masu tsabta. Shi ya sa in ka tilasta wa hatsi ko masara ko albasar Galmi auren kai za su tsumbure cikin ƴan shekaru, wake kuwa ko a jikinsa.

Ribar kuma a fili take ga mazaunin Sahel. Damanar wata uku, wani lokaci ba ta cika ba. Tsiron da zai jira ƙwaro ko iska ya yi caca, wanda ya gama sha'aninsa cikin kube ya kwana da tabbaci. Ledyard Stebbins ya ce a 1957 wannan hanya ce mai toshewa a gaba, wato zuri'ar da ta rungumi barbarar kai tana cin ribar yau ta rasa abin sauyawa gobe. A ma'aunin miliyoyin shekaru maganarsa tana da ƙarfi. A ma'aunin da ya shafe mu kuwa, ina ganin an fi yawan raina waɗannan tsirrai fiye da kima, kuma dalilina shi ne ɗan kashi 3 ɗin nan na barbarar waje.

Akwai wani babban ƙudan zuma baƙi mai huda itace ya yi gida, da nauyin da zai iya danne furen wake ya buɗe kuben. Shi da ire-irensa ne ke kawo ƴar barbarar wajen da ake samu. A ce sau ɗaya ya ɗauko gari daga wata zuri'a ya kai wa wata, kuma zuri'o'in biyu sun bambanta a gurbi 10 kacal. Ɗan da aka haifa ruwa biyu ne a duk gurbi goman. Shi kuma ya koma auren kansa, jikokinsa su yi ta rabewa suna kullewa, kuma haɗin da za su iya kullewa a kai ya kai 1,024. In gurbi 20 ne, ya haura miliyan ɗaya. Ziyara guda ta ƙwaro ta kwance dami biyu da suka shekara hamsin a ɗaure, ta zubo sababbin zuri'o'i, yanayi ya tankaɗe su, wadda ta dace ta kulle ta zauna. Tsarin ke nan: dogon zama a kulle, sai ɗan buɗi, sai a sake kullewa. Masu ƙirƙiro iri a tashoshin bincike abin da suke yi ke nan da hantsaki da ƴar takarda, su haɗa iyaye biyu sau ɗaya, su bar ƴaƴan su yi ta auren kai zuri'a shida ko bakwai suna zaɓe.

Ƙudan nan ba ya tambayar wane ne na gona wane ne na daji. Pasquet da abokansa sun liƙa wa irinsa ƴan na'urorin bin sawu a Kenya, suka ba da rahoto a 2008 cewa yana iya nisan kilomita 6 daga gidansa. Don haka gado yana ratsawa daga waken gona zuwa na daji, kuma a gefen gonaki ana samun ruwa-biyu masu ƙwaya ta fi ta daji girma amma kwansonsu na fashewa. Wannan ne ya sa aka damu da auna barbarar waken daji tun kafin Najeriya ta amince a 2019 da waken da aka sa wa ƙwayar gadon kashe tsutsar fure. Abin da ya shiga dami a daji, ba a aika masa sammaci ya dawo. Wani mataimakin kuma yana ƙarƙashin ƙasa: ƙwayar waken daji fatarta tauri gare ta, ba duka ke tsira a damanar farko ba. Zuri'ar da akuya ta cinye bana tana iya sake ɓullowa bayan shekaru daga ƙwayar da ta kwanta.

Shinkafa ta ba mu misalin duka hanyoyin biyu a ruwa ɗaya. A tafkuna da bakin kogin Kwara akwai shinkafar daji iri biyu. Ɗaya, wadda masana ke kira Oryza barthii, ƴar shekara ɗaya ce mai auren kanta, tana zubar da ƙwaya kafin tafki ya ƙafe. Daga ita aka samo jar shinkafar Afirka wajen shekara 3,000 da suka wuce, kuma ta gonar ta ɗebo kaɗan ne daga arzikin ta dajin. Ɗayar, Oryza longistaminata, mai saiwa ce da ke rayuwa shekara da shekaru, kuma galibi ba ta karɓar garin furenta, sai na wata. Manoman shinkafa duka biyun ciyawa suke ɗaukarsu, kuma suna da gaskiya, suna cin gona. Amma daga wani samfurin ta biyun da aka ɗebo a Mali aka samu ƙwayar gadon da ake kira Xa21, wadda ke kare shinkafa daga wata cutar ƙuna ta ganye, aka ware ta a ɗakin binciken Pamela Ronald a 1995, ta shiga irin shinkafar da ake nomawa a Asiya. Wanda ya tsinko wannan ciyawa a bakin ruwa bai san abin da ke hannunsa ba.

Yanzu ga inda lissafin ya taɓa aiki. Mai tara iri don ajiya yana son ya kama duk wani kwafi da ke da yawan kashi 5 cikin 100 a gungu, da tabbacin kashi 95. Lissafi ya ce yana buƙatar kwafi 59 masu zaman kansu. A hatsi tsiro 30 sun ba shi haka. A waken daji sai ya tsinka daga tsiro 59, kuma cika buhu daga tsiro ɗaya bai ƙara masa komai ba, kwafi ɗaya ne ya maimaita sau dubu. Ko ya yi hakan, rabin arzikin jinsin yana wasu wurare da bai taka ba. Ga mai barbarar kai, gara wuri 50 a ɗebi kaɗan-kaɗan da wuri 5 a ɗebi da yawa. Aikin ya fi tsada, ya fi cin man mota da tafin ƙafa, kuma masu tara iri, kamar kowa, sun fi son bakin kwalta.

Rumbunan ajiya muna da su. Cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan tana riƙe da samfurin wake sama da 15,000, mafi yawa a duniya, sai dai galibinsu na gona ne. Wata cibiyar, ICRISAT, tana da rumbun iri a Sadore, kudu da Yamai. An kuma yi wani aiki mai kyau a ƙasar nan ta Nijar: irin hatsi da dawa da aka tara a 1976 an koma ƙauyuka 79 an sake tarawa a 2003, aka gwada, aka ga hatsin manoma bai yi asarar bambancin gado mai yawa ba, ya dai koma saurin fure. Labari ne mai daɗi, amma kada a ɗauke shi a shafa wa waken daji. Hatsi yana da iska, yana da kasuwa, yana da irin kawuna. In ƙauye ɗaya ya rasa iri, rabin abin da ya rasa yana yawo cikin bununin ƙauyen gaba.

Waken daji kuwa a gefe yake rayuwa: jikin shinge, bakin kwari, saurar da aka bari ta huta. Waɗannan su ne wuraren da ke ƙarewa a Adar. Gona ta haɗe da gona, saura ta zama tarihi, masu sayar da ciyawa suna kwashe yaɗo tun yana ɗanye domin harawa ce mai kyau, kafin kwanso ya fashe. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu, kowa abinci yake nema. Sai dai in gungu guda ya tafi, ba wanda zai lura, domin a kwarin gaba akwai wani mai kama da shi sak a ido, alhali damin da ke cikinsa daban ne. A ganina, malamin gona da ke zagaya ƙauyuka da babur ya fi kowa damar yin wannan aiki, in an ba shi ambulan da alƙalami aka ce ya rubuta sunan wuri a kan kowace, kada ya haɗa na kwari biyu a leda ɗaya.

Kafin in baro ƙauye na gwada da kaina. Na tsinki kwanso a shingen kawu, na tsinka a bakin wani kwazazzabo da ke gabas da gari, na kuma samu wasu ƴan tsirrai kusa da tsohuwar rijiya. Ambulan uku. Kawu yana kallona ya ce, "Mushe, abincin awaki za ka kai birni?" Na ce, "Ku dai bar mini na jikin shingen nan, Kawu, kada yara su yanke shi sai ya zubar." Ya ce ya ji, amma bai ɗaukar wa awaki alkawari ba. A Tawa na manta ambulan ɗin a kan tebur kusa da taga, da rana ta taɓa su sai na riƙa jin ƙas, ƙas, kwanso na murɗewa yana harba ƙwaya a cikin takarda. Da damana ta faɗi na shuka goma-goma a gwangwanaye. Kwana goma ba abin da ya fito sai biyu, har sai da na tono sauran na kankare musu fata da reza.